Zauren Kaka da Farashin Fili: Me Ya Cancanci a Adana a Zangunan Accra?

Duk wanda ya daɗe rabonsa da tsakiyar Accra, wato Ankarar da iyayenmu ke faɗa, idan ya ratsa ta Tudu, Cow Lane da Zongo Lane a yau, zai yi ta laluben gidajen da ya sani ya rasa. Inda a da akwai gida mai zaure da faffaɗar tsakar gida, yanzu bene ne mai hawa uku ko huɗu, ƙasansa shaguna, samansa ɗakunan ajiyar kaya, kuma da zarar an yi sallar magariba an ja ƙofofin ƙarfe, sai layin ya yi tsit kamar ba a taɓa haihuwar kowa a cikinsa ba. Mafi yawan waɗannan gidaje ba hukuma ce ta rushe su ba. Magada ne suka sayar, ko suka ba wani attajiri hayar filin ta shekaru masu yawa ya gina abin da ya ga dama. Wannan ne ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar adana tsofaffin gine-gine a tsakaninmu mutanen Zango, nake ganin bai dace mu fara da ɗora wa gwamnati laifi ba, domin hukuncin a rushe ko a bari yawanci a kan tabarmar rabon gado ake yanke shi.

Idan aka ce ginin tarihi a Ghana, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne sansanonin da Turawa suka gina a bakin teku. A Accra kaɗai akwai uku: Ussher Fort, wanda mutanen Holan suka gina a 1649 kafin ya koma hannun Ingilishi a 1868, fadar Osu, wadda mutanen Denmak suka riƙe har suka sayar wa Ingila a 1850, da James Fort, wanda Ingilishi suka kafa a 1673. A 1979 hukumar UNESCO ta sanya su, tare da na Elmina da Cape Coast da sauransu, cikin jerin kayan tarihin duniya. Na sha jin masu cewa bai kamata a kashe ko sisi wajen gyara ɗakunan da aka tsare bayi a cikinsu ba, tunda ba abin alfahari ba ne. Ban yarda da wannan ra'ayi ba. Yaron da aka sauka da shi cikin kurkukun Cape Coast, ya shaƙi warin danshi, ya ga ƙaramar tagar da ɗaruruwan mutane suka dogara da ita wajen samun iska, ba zai ƙara ɗaukar cinikin bayi a matsayin shafi guda cikin littafin makaranta ba, domin gani ya kori ji. Kuma gini ɗaya yakan ɗauki tarihi fiye da ɗaya: a James Fort ɗin nan aka ɗaure Kwame Nkrumah a 1950, daga can ne kuma aka sako shi a 1951 bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe.

Inda gizo ke saƙa shi ne, dokar da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa take aiki da ita ta 1969 ce, kuma abin da ya fi samun kariya a ƙarƙashinta shi ne waɗannan sansanoni, da ɗakunan bauta na gargajiya na Asante, da wasu tsofaffin masallatai da fadodi na Arewa. Gidan malami ko na bafatake a Sabon Zango ba ya shiga irin wannan lissafi. Idan muka yi shiru, jikokinmu za su gaji birnin da ke shaida zuwan Holan da Denmak da Ingila da duwatsu, amma ba shi da bango ɗaya da zai shaida cewa kakanninsu sun zauna a nan.

Alhali kuwa tarihin nan yana da tsawo. Fataken goro daga Kano da Katsina da Borno sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, inda suke haɗuwa da goron Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa. Yaƙin basasar da ya tarwatsa Salaga a 1892 ya watsa malamai da 'yan kasuwa zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra da sauran garuruwa. Wasu kuma aikin soja ne ya kawo su, cikin rundunar Hausawa da Ingilishi suka yi amfani da ita a yaƙin Asante na 1874. Bayan an mayar da babban birnin mulkin mallaka daga Cape Coast zuwa Accra a 1877, baƙi suka ƙaru. Zangon farko ya kafu a tsakiyar gari a ƙarshen ƙarni na 19, sannan a farkon ƙarni na 20 Malam Bako ya jagoranci jama'arsa suka tashi suka kafa Sabon Zango a filin da suka samu daga hannun sarakunan Ga, 'yan asalin Accra. Nima ta biyo baya a shekarun 1930, ana danganta kafuwarta da Malam Futa. Shi kansa Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usmanu Nuhu Sharubutu, a Cow Lane aka haife shi a 1919. Kaɗan ne daga cikin wannan labari ya shiga takardun hukuma, domin Bature ya fi rubuta abin da ya shafi haraji da rikicin sarauta. Saura yana cikin bakin dattawa, da akwatunan takardun ajami, da kuma tsarin gidajen kansu.

Na taso a irin wannan gida, kuma har yanzu yana tsaye, ko da yake da kyar. Katangarsa ta jar ƙasa ce mai kauri, an shafe ta da siminti daga baya, rufinsa kuma kwano ne, domin ruwan bakin teku ba ya barin soro irin na Kano ya daɗe. Daga titi zaure za ka fara shiga. Dokin ƙofar zauren katako ne da ƙafafu suka cinye tsakiyarsa har ya yi kwarmi, kuma a bangon gabas akwai baƙin tabo inda aka yi shekaru ana jingina alluna bayan an tashi daga karatun dare. Akwai dakali a gefen dama inda kakanmu yake zama, kuma daga wurin yana ganin mai shigowa, amma mai shigowa ba ya ganin cikin gida, saboda ƙofar ciki ba ta fuskanci ta waje ba. Wanda ya tsara wannan ya warware matsaloli da yawa da ɗaki guda. A zauren ake saukar baƙon da ya zo daga Arewa ba shi da kowa, har maigida ya nema masa ɗaki da sana'a ya kuma tsaya masa a wurin masu ba da bashi. A nan ake ɗaura aure, a raɗa suna, a sasanta ma'aurata, a karɓi gaisuwar mutuwa, a nan yara ke koyon baƙi da farfaru. Mata kuma suna can ciki da sana'arsu, masu koko da ƙosai da masu shinkafa da wake, suna da sararinsu ba tare da idon titi a kansu ba.

Wannan tsari shi ne ainihin abin da ake kira Zango, kuma a cikin ginin yake zaune. Idan aka rushe gidan aka gina ɗakunan haya masu fuskantar titi, kowa da ƙofarsa da kwaɗonsa, mutanen na iya zama su ɗin ne dai, amma babu inda za a sauke baƙo, babu inda dattijo zai zauna a kawo masa ƙara. Shi ya sa yanzu ake toshe titi da rumfuna duk ranar suna ko addu'ar bakwai, ana ta faɗa da direbobi. Abin da zaure yake ɗauka cikin sauƙi ya dawo kan kwalta.

Amma duk wanda zai kare tsohon gida dole ne ya fuskanci maganar waɗanda ke kwana a cikinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zaman da muka yi na iyali kan makomar gidanmu, wani ɗan baffana, wanda yake zaune da matarsa da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya da baranda, ya durƙusa gaban babbar gwaggonmu ya ce: "Gwaggo, ku gafarce ni, ba raina maganarku na yi ba. Amma mu ne muke tashi da tsakar dare muna tara bokitai idan hadari ya taso, mu ne muke bin layin bayin haya da asuba da kuɗinmu a hannu. Masu cewa a bar gidan kamar yadda Malam ya bar shi, a Jamus da Amurka suke kwana." Gwaggo ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce: "Ɗan nan, gaskiyarka ce. Amma ka faɗa mini, in an sayar an ba ka rabonka, a wace unguwa zai saya maka ɗaki?" Babu wanda ya amsa mata, domin kowa ya san amsar.

Maganar ɗan baffan nawa ba ƙorafin mutum ɗaya ba ce. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanninmu ba su da ban-ɗaki, lungunan sun matse har motar kashe gobara ko ta asibiti ba ta iya shiga, kuma babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi ta daɗe tana zame wa jama'a abin tsoro da damina. Annobar kwalara ta 2014 ta fi yin ɓarna a unguwanni masu cunkoso, kuma babu wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle, wata babbar mahaɗar hanyoyi a Accra, suka hallaka mutum fiye da 150. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Accra yana da mutum sama da miliyan biyar, gwamnati kuma takan ce ƙasar tana da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8. A irin wannan hali, gida mai hawa ɗaya a tsakiyar birni yana cin filin da zai iya ɗaukar iyalai ninki uku ko huɗu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma duk mai son tarihi da ya kau da kai daga gare ta yana neman talaka ya ci gaba da zama cikin ƙunci don shi ya samu abin kallo. Ba na cikin masu wannan ra'ayi.

Sai dai idan aka duba da kyau, yawancin abin da ke damun mazauna tsofaffin unguwanni ba daga tsufan bango yake ba. Rashin magudanar ruwa, rashin ban-ɗaki, rashin kwashe shara da rashin famfo duk ayyuka ne da ba a yi ba, kuma ana iya yin su ba tare da an kawar da unguwar ba. Yoyon rufi kuwa, asalinsa yana cikin yadda muke riƙe gado. Malam ya rasu ya bar mata da 'ya'ya goma sha, ba a raba gidan ba saboda kunya ko don a riƙe zumunci. Su ma 'ya'yan suka rasu, rabon kowa ya sake rarrabuwa tsakanin nasa magadan. Bayan zuriya biyu sai ka tarar gida ɗaya yana da masu haƙƙi sittin ko fiye, wasu a Kumasi, wasu a Legas tun korar baƙi ta 1969 a zamanin Firaminista Busia, wasu a Turai, wasu ma ba su san juna ba. Wanda ya fitar da kuɗinsa ya sauya kwano, ya gyara wa mutum sittin dukiyarsu ne, kuma gobe ana iya zarginsa da neman mallake gidan. Ɗan haya ba zai gyara abin da ba nasa ba. Ɗan gidan da ya samu buɗi a waje gwamma ya sayi fili a Kasoa ko Amasaman ya gina nasa, inda takarda sunansa kaɗai take ɗauke da shi. Haka gidan zai zauna babu mai shi, alhali masu shi sun yi yawa, har gara ta cinye katako, ruwa ya shiga katanga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a lokacin ne dillali yake bayyana da tayin da babu mai iya ƙi, domin shi ba gidan yake saye ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa yake so.

Ƙasar kuwa tana da tsada saboda inda take. Lokacin da aka kafa Nima da Sabon Zango, bayan gari ne, wurin kiwo da daji. Yau Nima tana maƙwabtaka da Kanda, ba ta da nisa da Ridge da Cantonments da unguwar filin jirgin sama, wato wuraren da suka fi tsadar fili a ƙasar. Duk lokacin da aka ji jami'ai suna maganar sabunta unguwar da dogayen benaye, tambayar da mazauna ke yi ita ce wa zai zauna a cikinsu. Tambayar tana da dalili. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara biyu ake nema. Mai sayar da koko da ke biyan ɗan abin da ya sawwaƙa a gidan dangin mijinta ba za ta iya hayar ɗaki a sabon bene ba, kuma idan ta koma bayan gari ta rabu da masu sayen kokonta, da makarantar 'ya'yanta, da maƙwabciyar da ke ba ta bashin gero. Tsohuwar unguwa ita ce gida mai araha mafi girma da talakan Accra yake da shi kusa da wurin neman abincinsa. Birnin nan ya ga yadda rushewa take ƙarewa: an tarwatsa kasuwar Makola ta farko a 1979, kuma abin da ya maye gurbinta shi ne filin ajiye motoci na Rawlings Park. A Jamestown ma, an rushe rumfuna da matsugunan bakin ruwa a 2020 kafin a gina sabuwar tashar jiragen kamun kifi. Ko da aikin yana da amfani, wanda aka tasa shi ne yake fara biyan farashinsa.

Akwai kuma wani kuskure da ya zauna mana a zuciya, cewa ginin ƙasa alamar talauci ne, bulo da siminti kuma su ne ci gaba. Duk wanda ya taɓa yin azumi a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, sannan ya yi a ɗakin bulo mai rufin kwano, ya san bambancin da rana tsaka, domin ƙasa tana jinkirta shigar zafi, bulo siriri kuwa yana ɗauka ya riƙe har dare, sai an haɗa da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da kuɗin wuta. Sabon gini ma ba shi ne tabbacin tsaro ba: katafaren kantin da ya rufta da mutane a Achimota a Nuwamba 2012 sabo ne. A garin da girgizar ƙasa ta taɓa yi wa ɓarna a 1862 da 1939, abin dubawa shi ne ingancin aiki, ko ginin na jiya ne ko na shekara ɗari.

Ginin ƙasa yana da sharaɗi guda, shi ne a riƙa kula da shi, kuma da irin kayansa. Masallacin Larabanga, wanda ake ɗauka a matsayin mafi tsufa a Ghana, ya koya mana wannan. A shekarun 1970 an shafe shi da siminti da niyyar kare shi daga ruwa. Simintin ya hana bangon numfashi, danshi ya taru a ciki, gara ta samu katakon da ke riƙe da ginin, har ya kusa lalacewa. Sai a farkon shekarun 2000 aka kankare simintin aka koma yaɓen ƙasa, da hannun maginan garin. A Bole kuma, wani sashe na tsohon masallacin ƙasa ya faɗi bayan ruwan sama mai ƙarfi a 2023. A Jenne ta ƙasar Mali, jama'ar gari gaba ɗaya ke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa ginin 1907 yake tsaye har yau. Katangar gidanmu ma ciwon Larabanga ne yake damunta: idan ka ƙwanƙwasa simintin za ka ji yana amsawa kamar ganga, domin ƙasar da ke bayansa ta rabu da shi. Na nemi magini a Accra wanda ya san yadda ake kwaɓa ƙasa a yaɓe irin wannan bango, na sha wuya kafin na samu wani dattijo daga Arewa. Wannan ya nuna mini cewa sana'ar tana iya mutuwa kafin ginin, kuma idan ta mutu babu dokar da za ta tsayar da bangon.

Mutanen Kumasi sun fi kowa sanin zafin wannan rashi. Sojojin Ingila sun ƙone birnin a 1874 suka tarwatsa fadar Asantehene, wato sarkin Asante, kuma daga cikin salon ginin da ya burge matafiya a da, mai zanen ƙasa a jikin bango, ɗakunan bauta kusan goma ne kawai suka rage a ƙauyukan kewaye, waɗanda UNESCO ta karɓa a 1980. A 2024 an dawo da wasu kayan zinariya da aka kwashe, aka baje su a gidan tarihin Manhyia, fadar sarkin Asante a Kumasi. Zinariya ta dawo saboda an ajiye ta a wani wuri, amma tsohon Kumasi babu inda za a je a roƙo shi.

Wajibi ne kuma mu dubi yadda muke yi da masallatanmu. Da zarar jama'a ta ƙaru ko wani mai hali ya yi niyyar sadaka mai gudana, abin da ake fara yi shi ne a baje tsohon masallaci a zuba kankare da tayil. Niyyar kyakkyawa ce, buƙatar sarari kuma gaskiya ce. Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkiyya, abin alfahari ne ga Musulmin Ghana, sai dai salonsa na Daular Usmaniyya ne, tarihin Istanbul yake faɗa. Ƙananan masallatan lungu da malaman farko suka gina da hannunsu su ne ke faɗin namu, kuma su ne suke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ɗauki ko hotonsu ba. A Zariya, lokacin da aka sabunta masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, an bar wani sashe na tsohon ginin da bakunansa a cikin sabon. Ba kowa ne ya gamsu da yadda aka yi ba, amma aƙalla an nuna cewa faɗaɗawa ba ta wajabta shafewa.

To, a ganina, ba kowane tsohon gini ne ya cancanci a riƙe ba. Gidan da katangarsa ta riga ta jiƙe har tushe, wanda ba shi da wani labari sai tsufa, barinsa kasada ce da rayukan mutane, kuma gara a sauke shi a gina mai hawa biyu ko uku da zai ɗauki 'yan gidan. Waɗanda suka cancanci a tsaya musu tsayin daka ba su da yawa, kuma dattawan kowace unguwa suna iya lissafa su a zama ɗaya: gidan wanda ya kafa unguwar, fadar Sarkin Zango, masallacin farko, zaurukan manyan malamai inda aka yaye ɗalibai, da gidajen masu masauki da fatake suka riƙa sauka. Bayan waɗannan, abin da ya fi kowane gini ɗaya muhimmanci shi ne unguwar kanta: lungunanta, sunayenta, kusancin gida da masallaci da kasuwa, da kuma mutanen da ke cikinta. Ana iya buɗe hanya ɗaya ko biyu don motar agaji, a gina kwata, a sa ban-ɗaki a kowane gida, a ƙara hawa a bayan gida a bar zaure a gaba, unguwar ta ci gaba da zama ita ce.

Kayan aikin yin haka ba sai an aro su daga waje ba. A fiƙihun Malikiyya da muke bi akwai haƙƙin shuf'a, wanda ya ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba damar ya karɓi rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ya biya farashin da aka sayar. Da iyalai suna aiki da shi, da 'yan gidan da ke da hali sun riƙa tattara rabon waɗanda ke son kuɗi, gidan ya koma hannun mutum kaɗan da za su iya yanke shawara. Akwai kuma waƙafi: magada su amince a fitar da zaure da ɗakin karatu daga rabo, a rubuta a yi rajista, a gina shaguna biyu a gefe waɗanda kuɗin hayarsu zai riƙa gyara rufi da biyan malamin makaranta. Da irin wannan tsari ne manyan biranen Musulunci suka riƙe masallatai da makarantunsu ɗaruruwan shekaru. Ta ɓangaren hukuma, Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 yana iya ware wani kaso don taimaka wa iyalai su samu takardun fili da gyaran irin waɗannan gidaje, sarakunan Zango kuma su miƙa wa hukumar gidajen tarihi jerin wuraren da suke so a kare, maimakon su jira a zo a tambaye su. Gidan Brazil da ke Jamestown, na zuriyar Tabom, 'yantattun bayi da suka dawo daga Brazil a 1836, waɗanda akwai Musulmi a cikinsu, an gyara shi ne saboda akwai masu magana da yawunsa.

Game da yawon buɗe ido, wanda ake yawan kafa hujja da shi, ina da taka-tsantsan. Bikin zane-zanen titi na Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011 ya jawo dubban mutane zuwa unguwar da a da ake gudu, kuma ya sa matasa sun fara kallon tsofaffin gidajenta da wani ido. Amma baƙo na kwana kaɗan ne, kuma idan darajar unguwa ta dogara ga kyamararsa, ƙarshenta haya ta tashi, 'yan asali su fita, a bar bango mai fenti babu masu shi. Zauren da yara ke karatu a cikinsa kowace yamma ya fi samun mai share shi da mai toshe masa yoyo fiye da wanda ake buɗewa sai an ga motar baƙi.

A gidanmu ba a kai ga matsaya ɗaya ba tukuna, amma an ɗan matsa. An rubuta sunayen magada gaba ɗaya a karon farko, aikin da ya ci wata biyar da kiran waya zuwa ƙasashe huɗu. Mutum uku daga cikin waɗanda ke waje sun yarda su sayi rabon masu son kuɗinsu, an kuma amince a sauke ɗakunan baya da suka lalace a gina hawa biyu da ban-ɗaki, ɗan baffana ya samu ɗaki biyu a ciki. Zauren ne ake ta muhawara a kansa, domin shi ne yake bakin titi, kuma shi ne dillalai suka fi yi wa farashi. Kafin a gama, na sauko da akwatin ƙarfen da ke kan dakalin kaka. A ciki akwai wasiƙun ajami daga Salaga da Kano, da takardar bashin goro mai sunayen shaidu, wasu gara ta ci gefensu. Na ɗauki hoton kowace da waya, na kai wa wani malami a unguwar da har yanzu yake iya karanta irin wannan rubutu, muna zama da shi duk ranar Asabar bayan la'asar, yana karantawa ina rubutawa da boko. Mun kai takarda ta goma sha tara, kuma Gwaggo ta ce a kira zama na gaba bayan Babbar Salla.